Abin da Ya Rufe Idanun Kifayen Alhaji

Kifaye shida ne a tankin gilashin da ke falon Alhaji, dukansu diskas, kuma sun haura shekara a gidan ko ƙwarzane babu wanda ya taɓa yi. Rana ɗaya aka wayi gari idanunsu sun yi hazo, jikinsu ya rine ya koma baƙi-baƙi, sun cure a kusurwa guda suna haki. Ɗaya daga ciki ma idonsa na hagu ya kumbura ya turo waje. Alhaji bai ɓata lokaci ba, ya yanke cewa annoba ce ta shigo. Ya aika aka sayo kafso na kashe ƙwayoyin cuta, aka fasa aka juye a ruwan. Washegari da abin ya ƙi sauƙi sai ya kira ni, don ya san na daɗe ina kiwon kifin ado.

Wanda bai san diskas ba zai ce mene ne abin tayar da hankali a kan kifi. Kifi ne mai faɗi, zagayayye kamar faifai, asalinsa kogunan Amazon a Burazil da Peru da Kolambiya, kuma ɗan uwan karfasarmu ne na nesa, dangi ɗaya suke. Wani masanin kifaye mai suna Johann Jakob Heckel ne ya fara bayaninsa a rubuce a 1840. Yana son ruwa mai ɗumi, digiri 28 zuwa 30, kuma 'ya'yansa idan an ƙyanƙyashe su yauƙin jikin iyayensu suke tsotsa su rayu. Yawancin waɗanda ake sayarwa yau a gonakin Malesiya da Tailan da Jamus aka haife su. Tsadarsa ta sa mai shi ba ya iya barci idan ya ga ya sauya launi, kuma wannan firgicin shi ke tura mutane ga magani tun kafin su san ciwon.

Tambayar farko da ake yi a ciwon idon kifi ita ce: ido ɗaya ne ko biyu, kuma kifi ɗaya ne ko duka? Diskas akwai faɗa a tsakaninsu, akwai kuma zabura, sukan bugi itace ko hita. Irin wannan rauni ido ɗaya yake kamawa, a kifi ɗaya. A nan kuwa idanu goma sha biyu ne suka dushe a tare. Babu faɗan da zai yi haka. Mai kumburarren idon nan shi kaɗai ya saɓa wa wannan lissafi, sai na ajiye batunsa a gefe tukuna.

Na sa aka kashe fitilar tankin, na haska tocila daga gefe. Abin da nake nema shi ne inda farin yake. Idan can ciki ne, a ƙwayar idon, to yana ce, kuma a kifi wata ƙaramar tsutsa da ake kira Diplostomum tana haddasa ta. Amma wannan tsutsar ba ta yaɗuwa daga kifi zuwa kifi, sai ta ratsa ta jikin katantanwa da tsuntsu mai cin kifi, abin da tankin falo ba shi da shi. Da hasken ya faɗa, sai ga farin a saman idon ne kawai, ƙwayar ciki tas take. Kifi ba shi da fatar ido da zai rufe, ba shi da hawaye. Saman idonsa a cikin ruwan yake dare da rana, don haka duk abin da ke cin fata a ruwa, a nan ake fara ganinsa. Fatar jikinsu ma ta yi furu-furu da yauƙi fiye da kima. Daga nan hankalina ya fara komawa kan ruwan, amma akwai cututtuka biyu da suka saba da diskas waɗanda dole a sallame su kafin a wuce.

Ta farko ciwon hanji ce, wadda ƙwayar Spironucleus ke kawowa. Kifin yakan yi baƙi, ya ƙi abinci, ya ware kansa, ya riƙa jan farin kashi mai tsawo, a hankali goshinsa ya tsuke. Wannan ciwo ne mai tafiyar makonni, kuma yakan fara da mafi rauni a garken. Kifayen Alhaji goshinsu cike yake da tsoka, kashin da ke ƙasan tankin mai duhu ne, kuma har shekaranjiya suna cin abinci. Ta biyu tsutsar kunne ce, wato inda kifi ke numfashi. Mai ɗauke da ita yakan rufe kunne ɗaya yana aiki da ɗaya, yana goga jikinsa a kan itace. Waɗannan kuwa kunnuwa biyu suke bugawa da sauri, su duka. Na tambaya ko an kawo sabon kifi ko sabuwar ciyawar ruwa, Alhaji ya ce tun bara ba abin da ya shiga tankin.

Sai na fito da kwalaben gwajin ruwa. Ɗumin daidai yake. Ma'aunin pH, wato na tsamin ruwa, ya nuna sama da 7 kaɗan, wanda ba laifi ba ne ga diskas ɗin gona. Amma kwalbar ammoniya ta koma koriya.

A nan al'amarin ya ɗaure. Ammoniya ita ce ƙazantar da kifi ke fitarwa ta kunnuwansa, guba ce, kuma a tsohon tanki bai kamata a same ta ba ko kaɗan. A cikin soson matacin ruwa akwai bakteriya masu amfani da ke mayar da ita naitirait, wasu kuma su mayar da wannan naitiret, wanda cutarwarsa kaɗan ce. Ganin ammoniya yana nufin waɗannan bakteriya sun daina aiki. Me ya tsayar da su? Na tambaya ko an wanke soson da ruwan famfo mai kulorin, aka ce ba a taɓa shi ba. Ko wuta ta ɗauke matacin ya kwana a tsaye? Gidan na da sola. Kafson da aka zuba yana iya kashe su, gaskiya ne, amma an zuba shi ne bayan kifayen sun riga sun kwanta.

Na ce, "Alhaji, kafin ranar da suka kwanta, me aka yi wa tankin nan?"

Ya ce, "Alheri aka yi masa. Ruwa na sa aka canza, fiye da rabi."

"Me ya sa aka canza da yawa haka?"

Ɗansa, wanda shi ke kula da tankin, ya amsa daga bakin ƙofa: "Kawu, ai tun makon jiya na ga idanunsu sun ɗan dushe, na faɗa wa Baba, shi ne ya ce a zuba musu sabo."

Ashe hazon ya riga canjin ruwan. Ke nan abu biyu ne suka faru, ɗaya bayan ɗaya, kuma ruwan da nake aunawa ba shi ne wanda ya fara yi musu illa ba. Na tambayi yaron inda ya zubar da tsohon. Allah ya taimaka, bai zubar duka ba, ya tara wani a jarka yana ba fulawowin gidan. Da na auna shi, pH ya tsaya a 6, wanda shi ne iyakar abin da kwalbar ke iya nunawa, ma'ana yana iya zama ƙasa da haka nesa. Kabonet babu ko ɗigo. Naitiret ya cika, ammoniya kuma ta fi ta tankin yawa.

Sauran bayanin daga bakin yaron ya fito. Ya karanta cewa diskas na son ruwa marar gishirin ƙasa, don haka tun da damina ta kankama yake tarar ruwan sama a duro. Yawanci abin da ya ƙafe kawai yake cikawa, can ba a rasa ba ya kwashe bokiti guda. Abincinsu kuwa niƙaƙƙiyar zuciyar saniya, wadda ke gina diskas sosai amma tana ƙara ƙazanta. Aikin da bakteriyar mataci ke yi yana sakin tsami a ruwa, kuma kabonet ne ke shanye tsamin: kowane miligiram ɗaya na naitirojin ɗin ammoniya yana cin kusan miligiram 7. Ruwan sama ba ya kawo kabonet. Da wanda ke tankin ya ƙare, pH ya rufta, tsamin ya fara cin saman idanu, bakteriyar kuma suka yi sanyi, don aikinsu yana ja baya ƙwarai idan pH ya sauka ƙasa da 6. Ammoniya ta shiga taruwa.

Wani zai ce ai ruwan kogin Rio Negro, inda diskas na daji ke zaune, pH ɗinsa yakan sauka ƙasa da 5. Haka ne, amma kogi ne mai gudu wanda ƙazanta ba ta taruwa a cikinsa, kuma kifin da aka haifa a gonar Malesiya bai taɓa ɗanɗana shi ba.

To me ya hana wannan tarin ammoniya kashe su tun tuni? Tsamin da kansa. A ruwa mai tsami kusan dukkanta tana zama ne a siffar da ba ta ratsa kunnen kifi cikin sauƙi. Duk lokacin da pH ya hau da lamba ɗaya, kason da ke zama guba yana ninkuwa kusan sau goma, ɗumin ruwa kuma yana ƙara shi. Damina ta janye, duro ya ƙafe, sai yaron ya cika tankin da ruwan burtsatsen gidan, wanda da na auna ya kusa 8. Canjin ya rage yawan ammoniyar, amma ya farkar da wadda ta rage, ga kuma girgizar hawan pH a cikin sa'a guda. Abin da ya kwantar da su ke nan a dare ɗaya. Mai kumburarren idon ma nan batunsa ya warware: yaron ya ce a daren ya ji kifayen suna bugun gilashi, kuma da na sake haskawa akwai tabon jini a gefen idon. Zabura ya yi ya bugi itace.

Maganin bai ƙunshi kafso ko ɗaya ba. Aka sa gawayin tace ruwa ya kwashe wanda aka zuba, aka ƙara iska, aka rage haske, aka dakatar da abinci na 'yan kwanaki sannan aka dawo da shi kaɗan-kaɗan. Kullum a canza ɗan ruwa da wanda ya kwana a duro ana busa masa iska, ɗuminsa da pH ɗinsa daidai da na tankin, tare da maganin da ke ɗaure ammoniya. Aka jefa ɗan dakakken bawon kawa a mataci don kabonet kada ya sake ƙarewa. Na gargaɗi yaron cewa idan bakteriyar suka farfaɗo naitirait zai hau na ɗan lokaci, shi kuwa jinin kifi yake hana ɗaukar iska, don haka ya riƙa aunawa kullum, in ya gan shi ya sa gishiri kaɗan. Haka kuwa aka yi.

Saman idon kifi yana saurin warkewa idan ruwa ya gyaru. Huɗu sun washe sarai, launinsu ya dawo. Mai raunin kumburinsa ya sace amma ya bar masa hakiya. Mafi ƙanƙantarsu bai tashi ba, kunnuwansa sun riga sun ƙone. Shi ya fi tsaya mini a rai, don kwalaben gwajin da za su nuna matsalar tun ranar da yaron ya fara ganin hazon ba su kai kuɗin kifin nan guda ba. Mai karatu, in kana da tanki kuma ka ga idanun kifayenka sun dushe a tare, ka ɗebi ruwan ka auna pH da kabonet da ammoniya, ka auna wanda za ka zuba shi ma, kafin ka taɓa bokiti ko magani.