Yarinyar da Ake Zanawa Ta Karɓe Burushi

Mai karatu, ka sa kanka a matsayin Marie-Clémentine Valadon. An haife ta a Faransa a 1865, uwarta wankau take yi, uba kuwa ba a san shi ba. Tana 'yar shekara 15 ta shiga wasan lilo a gidan wasanni na birnin Paris, ta faɗo, ta ji ciwo, sana'a ta ƙare. Ga talauci, ga unguwar Montmartre cike da masu zane da ke biyan 'yan mata su tsaya a zana su. Da kai ne, ina za ka nufa?

Ita dai can ta nufa. Mai zane Renoir ya zana ta, Toulouse-Lautrec ma haka, har sunanta ya koma Suzanne. A zamanin akwai salon da maza suka gada kaka da kakanni: mace ta kishingiɗa a gado tsirara, an shirya ta domin idon mai kallo. Sa'o'i Suzanne take yi ba motsi, ƙafa ta yi sanyi, wuya ya ƙage. Abin da ya shige musu duhu shi ne, idon nan da suke zanawa hannunsu yake kallo.

Ba ta taɓa shiga makarantar zane ba. Amma da Degas, mai zanen da yabo ke masa wuya, ya ga zanen da ta yi da hannunta, sai ya saya. Me ya fi wannan shaida?

Ta zana tsiraici ita ma, na mata har da na maza. To, a 1923, tana shekara 58, ta ɗauko tsohon salon nan ta yi hoton da ake kira La Chambre bleue, wato shuɗin ɗaki. Ga gado, ga labule, ga mace a kishingiɗe kamar yadda aka saba. Mai karatu, da burushin yana hannunka bayan shekarun da ka yi ana ƙare maka kallo, yaya za ka fito da ita?

Suzanne ta sa mata riga da wando mai ratsin kore da fari. Mace ce kakkaura, sigari a baki, littattafai a gefen ƙafa. Ta kau da kai gefe tana tunanin gabanta, ko kallonka ba ta yi.