Yadda Ake Farfaɗo da Cikin Tsohuwar Mota a Damargu

A Amurka, masu sha'awar motocin da suka yi tashe, irin su Ford Mustang da Pontiac GTO na 1964, kan gyara cikinsu da hannunsu don ƙawa. A garuruwan Tanut da Balbeji na yankin Damargu kuwa, larura ce ke sa a yi. Tsofaffin Toyota Land Cruiser da Peugeot 504, wadda aka fara ƙerawa a Faransa a 1968 kuma aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, suna cikin motocin da ke jigilar mutane da buhunan gero zuwa kasuwanni da kan hanyar Damagaram zuwa Agadas.

Zafin bazara na fasa ledar kujera, ƙurar hunturu na cin soso, ruwan damina kuma ya kwanta ƙarƙashin shimfiɗa ya haifar da tsatsa.

Aikin na farawa da kwance kujeru da ɗaga shimfiɗa. A kankare tsatsa har ƙarfe ya fito fes, mai walda ya toshe duk wani rami, sannan a shafa fenti. Kada a yar da tsohuwar rigar kujera: a farke ɗinkinta a hankali, a shimfiɗa ta bisa sabon yadi a yanka daidai da ita. Yadi mai kauri ya fi leda, domin ba ya ƙona jiki da rana. A sa sabon soso, a sake robar ƙofofi don tare ƙura.

Mai mota, kafin ka ƙawata kujera, ka tabbata kusoshinta sun kama ƙarfe mai lafiya. Ran fasinjanka amana ne a hannunka.