Ba Rezo Ne Ya Toshe Ƙofar Ba

Ma'aikaci yana zaune a Damagaram, ya buɗe kwamfutar ofis da ke Gangara ko Tanut ta Remote Desktop, ya yi aikinsa. Windows tana jiran wannan kira ne a ƙofa mai lamba 3389. Sai mai gyara ya canza lambar don tsaro, haɗin ya yanke, magana ta bazu a Damargu: wai kamfanin waya ne ke toshe duk lambar da ba 3389 ba, ko wai Windows ce ta lalace, sai an goge an sake zubawa.

Maganar gogewa ƙarya ce, kuma ita ta fi ba ni tsoro, domin a nan ake asarar takardun jama'a ba gaira ba dalili. Galibi laifin yana cikin kwamfutar. Katangar tsaron Windows ta san 3389 kaɗai. In ka koma 3390, dole ka rubuta mata sabuwar dokar shigowa, ta TCP da ta UDP. Sannan canjin ba ya kamawa sai an sake kunna na'urar. Mai kira kuma sai ya sa lambar bayan adireshi, kamar 192.168.1.10:3390, in ba haka ba tsohuwar ƙofa zai yi ta ƙwanƙwasawa.

Akwai wani tarko a rajistar Windows, wurin PortNumber, inda ake canza lambar. Akwatin yakan buɗe a kan Hexadecimal. Wanda ya buga 3390 bai koma Decimal ba, a zahiri 13200 ya sa. Umarnin netstat -an yana nuna lambar da kwamfutar ke sauraro, gardama ta ƙare.

Zancen kamfanin waya kuwa, akwai ƙamshin gaskiya, sai dai ba lambar ce matsala ba. Intanet na layin waya, irin wanda ofisoshin karkara ke dogaro da shi, yawanci yana haɗa mutane da yawa a adireshi guda, don haka kira daga waje ba ya isa kwamfutarka ko da 3389 ce. Maganin wannan shi ne VPN. A tuna kuma Windows Home ba ta karɓar irin wannan kira sam.

Abin da bai kamata a yarda da shi ba shi ne cewa sabuwar lamba ta isa tsaro. Tana rage masu laluben banza, amma ɓarayin intanet suna bin ƙofofi 65535 ɗaya bayan ɗaya. Ramin tsaro mai suna BlueKeep da Microsoft ta toshe a Mayun 2019 bai damu da lamba ba, kuma tun Janairun 2020 aka daina kula da Windows 7 ga talakawan masu amfani. Ofishin da ke kan ta har yanzu ya fara da sauya ta, ya ƙarfafa kalmar sirri. Kada kuma a canza lambar daga nesa sai akwai mutum zaune gaban kwamfutar a Gangara.