Abin Da Ke Sa Zomo Ramewa A Ƙasar Kudu

A unguwannin Hausawa na Fatakwal da Anacha da Inugu, wuri ya yi ƙaranci. Mutumin da ya saba ɗaure tumaki a gida Arewa, a nan sai ya ga ɗaki ɗaya da 'yar barandar da ba ta ɗaukar ko ɗan akuya. Shi ya sa waɗansu magidanta a Diobu ta Fatakwal, da wajen Titin Bida a Anacha, da Gariki ta Inugu suka koma ga kiwon zomo, wanda akwatin katako ya ishe shi. Yara su yi wasa da shi, in ya hayayyafa kuma a sami na cefane, tun da cikin zomanya kwana 31 ne kawai.

Sai dai akwai kukan da aka saba ji, watau zomo yana ci amma kullum sai ramewa yake yi, har ya mutu. Galibi ba wata baƙuwar cuta ba ce. Matsalar tana cikin kwanon abincinsa.

Harawa ita ce tuwonsa

Haƙoran zomo 28 ne, kuma ba su daina tsiro har ya mutu. Na gaba sukan ƙaru da kamar milimita 2 kowane mako. Tauna ciyawa da harawa ne ke goge su. In aka mai da shi mai cin burodi da ragowar shinkafa da garin rogo, sai haƙoran su zarce, su soke masa harshe da kumatu. Daga nan sai a ga yana dalalar da miyau, ya ɗauki abinci ya yar. Hanjinsa ma haka, ba ya motsi sosai sai da abu mai kaushi.

A Arewa wannan ba ya zama damuwa, don harawar wake da ta gyaɗa suna ko'ina. A Kudu kuwa labari ya sha bamban. Ruwan da ke sauka a Fatakwal a shekara ya haura milimita 2,000, alhali na Kano galibi ba ya kai 1,000. Ciyawar da aka yanko jiƙe sharkaf, aka tara ta a buhu, nan da nan take ɗaukar zafi ta fara ruɓa, ta jawo kumburin ciki da zawo. Dusa ma in ta sha raɓa sai ta yi hunhuna, ta zama guba.

Maganin abin ba shi da tsada. A yanko ciyawa bayan rana ta ɗaga, a baza ta a inuwa ta sha iska kafin a ba shi. Ganyen dankali da na zogale da na gwanda suna da kyau, amma a riƙa gabatar da sabon ganye kaɗan-kaɗan. Bawon rogo ɗanye yana da guba, kada a ba shi sai ya bushe ƙayau a rana. Dusa ko abincin kamfani ƙari ne, ba su ne tushe ba. Wanda ke da sanayya da direbobin motocin shanu da na albasa da ke saukowa daga Arewa, ya yi saƙon damin harawa, ya rataye shi inda ruwa ba ya taɓawa.

Har ila yau, zancen da ake yi wai zomo ba ya shan ruwa, ba gaskiya ba ne. Zomon da aka hana ruwa yakan rage ci, balle zomanya mai shayarwa. Zafi ma yana kashe masa sha'awar abinci, saboda haka kada a ajiye akwatinsa ƙarƙashin kwanon rufi mai ƙuna.

Yadda ake gane rama

Gashi yana ɓoye rama. A riƙa shafa bayansa. In ƙashin baya da na ƙugu suna sukar hannu, to ya rame. Wanda ya fi wannan shi ne a ɗora shi a sikeli sau ɗaya a mako, a rubuta. Zomon da ya rasa kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa yana bukatar likita. A duba kashinsa kuma. In ya ƙanƙance ko ya ɗauke, hanji ya tsaya ke nan. Zomon da ya yi awa 12 bai ci kome ba yana cikin haɗari, ba a jira gobe.

Akwai kuma cutar hanji da hanta da likitoci ke kira koksidiyosis, wadda ta fi kama 'ya'yan da aka yaye. Tana yaɗuwa ta kashi, danshi kuwa shi ne abokinta. Alamarta zawo da ƙaton ciki da rama. Rigakafinta shi ne akwati mai ƙafafu, mai raga a ƙasa, da share shi kowace rana.

Hattara da kafso

Kuskure mafi muni shi ne a sayo kafso a kemis a ɗura wa zomo. Magungunan dangin fenisilin, irin su Ampiclox da Amoxil, in aka ba shi ta baki sukan kashe ƙwayoyin da ke narka masa abinci a hanji, ya mutu da zawo. A kai shi asibitin dabbobi na gwamnatin jiha. Mazauna Inugu kuma suna kusa da sashen likitancin dabbobi na Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka. Mai neman ƙarin ilmi ko iri mai kyau, in ya je gida ya leƙa cibiyar binciken kiwo ta Shika, kusa da Zariya.

Dabba amana ce a hannun mai ita, babba ce ko ƙarama. Zomon da aka kulle a akwati ba shi da dajin da zai nemi abin da ya dace da cikinsa. Abin da aka miƙa masa, shi ne rabonsa. Busasshiyar harawa, ruwa mai tsabta, da akwati marar danshi, su ne suka fi kowane magani.