Yadda ƙarfen sabis ɗaya ke ɗaukar kiran jama'a

Duk wanda ya taɓa ajiye ƙaramar waya kusa da rediyo ya san gurnanin nan da ke tashi gab da shigowar kira. Lafiyar rediyon ƙalau. Wayar ce ke magana da ƙarfen sabis, tana watsa saƙo tana yin shiru, kusan sau 217 a daƙiƙa guda.

Tushen abin shi ne zangon da ake aika saƙo ta iska kaɗan ne, ga shi da ɗan karen tsada. A 2001 sai da MTN da Econet kowanne ya biya dala miliyan 285 kafin hukumar NCC ta ba shi lasisin GSM a Najeriya. Wanda ya zuba irin wannan kuɗi ba zai bar mutum ɗaya ya kankane hanya ba.

Wayoyin salula na farko a Amurka, a shekarun 1980, kowane kira ana yanka masa siririn zangonsa ne har ya gama. GSM, wanda ya fara aiki a Finland a 1991, sai ya raba lokaci: zango guda mutum takwas, ana zagayawa. Rabon kowa bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. Ana matse muryarka a tura a wannan ɗan gurbi, a warware ta a can, kunne bai isa ya gane giɓin ba.

CDMA, da kamfanin Qualcomm ya yayata, ya bar kowa ya yi magana lokaci guda, amma kowane kira da lambar sirrinsa, kamar yadda Bahaushe ke tsinto Hausa a hayaniyar kasuwar Sabon Gari. Da wannan dabara kamfanonin Starcomms da Visafone suka yi aiki. Kasuwa ta juya musu baya, amma a kan dabarar aka gina 3G. Da MTN ya sayi Visafone a 2016, zangon ne abin kwaɗayin.

Shi kuwa 4G yana daddatsa zango ƙanana-ƙanana, yana sake rabon sau dubu a daƙiƙa gwargwadon buƙatar kowa.

Duk da haka gurbi na ƙarewa. Shi ya sa da safiyar Sallah za ka ga sabis cike a fuskar waya, kira ya ƙi shiga: sandunan nan ƙarfin sigina kawai suke nunawa, ba sa faɗa maka ko akwai sauran wuri.