Batirin Na'urar Magana ta Hular Kwano: Ina Gaskiya, Ina Ji-ta-ji-ta?

A wajen tsayawar ƴan kabu-kabu a Dogondutsi, ko a bakin kwalta a Koremairuwa, akan ga matashi da ƴar na'ura maƙale a gefen hular kwanonsa. Da ita yake amsa kiran fasinja ta Bluetooth ba tare da ya saki kan babur ba. Masu tsada daga cikinsu, irin na kamfanonin Sena da Cardo, har suna haɗa mahaya biyu su yi magana kai tsaye, ba sai da layin waya ba. Matsala takan taso ne idan na'urar ta kwana biyu: wadda da take wuni da caji guda, sai ta koma mutuwa kafin a isa Matankari daga Dogondutsi. Nan ne shawarwari suke kwararowa, kowa da nasa maganin. Wasu gaskiya ne, wasu ɓarnar kuɗi ne, akwai kuma wanda zai iya ƙona wa mutum fuska. Bari mu tantance su ɗaya bayan ɗaya.

"Idan batiri ya mutu, na'ura ta mutu."

Ba haka ba ne. Idan aka buɗe murfin, abin da za a tarar shi ne wani ɗan ƙunshi mai ruwan azurfa, shafal kamar ledar magani, da salatif rawaya a bakinsa da wayoyi biyu, ja da baƙa. Wannan shi ne batirin lithiyom, kuma shi ne yake tsufa tun sauran kayan suna da lafiya. Irinsa yakan fara raguwa a fili bayan an cika shi an ƙarar kamar sau 300 zuwa 500. Mai gyaran salula da ya iya aikinsa zai iya sauya shi. Abin lura kawai shi ne robar da ke hana ruwa shiga: idan ba a mayar da ita daidai ba, ruwan damina na farko zai gama da na'urar.

"Zafin garinmu ne yake kashe shi."

Wannan gaskiya ne. A Arewa, watannin Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40, hular da aka rataye a kan babur cikin rana kuwa cikinta ya fi haka nesa ba kusa ba. Zafi yana gaggauta lalacewar sinadaran cikin batiri, musamman idan yana cike maƙil. Wanda ya saba shiga da hularsa inuwa idan ya tsaya sallah ko cin abinci, batirinsa zai daɗe fiye da na abokin aikinsa.

"A shanya shi a rana, ko a sa shi a firji, zai farfaɗo."

Ƙarya ce, duka biyun. Rana ba ta zuba wuta a cikin batiri, sai dai ta ƙara masa tsufa. Firji kuma yana jawo laima, laimar ta ci wayoyi. Ƙarfin da batirin lithiyom ya rasa saboda tsufa ba ya dawowa.

"Sabon batiri sai ya kwana a caji, kuma a bari ya mutu murus kafin a sake jona shi."

Wannan shawara ta tsohon yayi ce, ta zamanin batiran nikel da aka yi amfani da su a wayoyin farko. Batirin lithiyom, wanda kamfanin Sony ya fara kai wa kasuwa a 1991, ɗabi'arsa daban ce. Ƙarar da shi har ƙasa a kullum wahalar da shi ne. Ya fi son a riƙa ƙara masa tun da sauransa, a cire shi idan ya cika. Saboda haka wanda ya samu wutar kamfanin lantarki na Nigelec ta rabin awa, ko ya tsaya wajen mai cajin sola, ya jona abinsa hankali kwance.

"Kowane batiri ya shiga, ya yi."

Nan akwai gaskiya, akwai kuskure. Gaskiya ne yawancin waɗannan na'urori suna aiki da batiri mai volt 3.7, wanda yake kai 4.2 idan ya cika, kuma za a ga lambar a rubuce a jikinsa. Amma dole sabon ya zama yana da ɗan allon kariya a bakinsa, wanda yake yanke wuta idan caji ya wuce kima. Dole girmansa ya zauna ba tare da an danne shi da murfi ba. Idan tsohon yana da waya ta uku, yawanci ta auna zafi ce, ba a yin watsi da ita. Juya ja da baƙa kuwa, ko na daƙiƙa guda, yana iya ƙona na'urar. Batirin da aka ciro daga matacciyar waya don araha, shi ma tsoho ne; araha ba ta ado.

"Batiri mai yawan mAh zai ƙona na'ura."

A'a. Lambar mAh kamar girman tankin babur take: babban tanki ba ya lalata inji, tafiya kawai yake ƙarawa. Abin da ke ƙonawa shi ne volt da bai dace ba. Shi ya sa jona na'urar kai tsaye da batirin babur mai volt 12 ganganci ne, sai ta hanyar caja mai sauko da wutar zuwa volt 5.

"Idan ya kumbura, a huda shi da allura iska ta fita."

Wannan ita ce mafi haɗari a cikinsu, kuma ina roƙon duk wanda ya ji ana faɗinta ya tsawatar. Kumburi alama ce cewa sinadaran ciki sun fara ruɓewa suna fitar da iskar gas mai kama wuta. Allura tana iya haɗa ɓangarorin ciki biyu da bai kamata su taɓa juna ba, nan take wuta ta tashi. Haɗuwar ɓangarorin cikin batiri ce ta sa kamfanin Samsung ya janye wayarsa Galaxy Note 7 daga kasuwannin duniya a 2016. Ita waya a aljihu take. Wannan na'ura kuwa a jikin kunne take, maƙale da hular da aka ɗaure da maɗauri a haɓa, mutum yana gudu a kan hanyar Tibiri ko ta Dosso.

Don haka, ɗan'uwa mai babur, idan ka ga murfin na'urarka ya ɗago, ko tana zafi wajen caji, cire ta daga hula a ranar. Kai kuma malam mai gyara, ka ɗora zazzafan ƙarfen gyaranka a kan wayoyi kaɗai, kada ka kai shi jikin batirin, kuma kada ka ɓanɓare batirin da tsinin sukudireba. Tsohon da aka cire a naɗe bakin wayoyinsa da salatif, a sa shi a gwangwani da yashi, nesa da zana da kwalaben fetur. Kada a jefa shi juji, inda ake cinna wuta, inda yara suke tsince-tsince.