Suna da Muƙami a Rumbun Alƙaluma na Intanet

Duk wanda ya yi aikin gwamnati ya san mabuɗin ofis kujera yake bi. Ran da aka canja wa akawu wurin aiki, sai ya miƙa shi ga magajinsa. Bisa wannan ƙa'ida ce David Ferraiolo da Richard Kuhn, masana a Amurka, suka tsara rabon izini a kwamfuta a 1992, watau a rataya izini ga muƙami, sa'an nan a ɗora mutum bisansa.

Alal misali, Power BI, manhajar Microsoft ta nazarin alƙaluman kasuwanci, wadda ake shiga ta intanet. Kowane ma'aikaci da asusunsa, amma muƙamai huɗu ne a zauren aiki: shugaba, mamba, mai ba da gudummawa, da mai kallo. Shugaba kaɗai ke iya share zauren.

To, ga inda ake tuntuɓe. Akan kafa shinge domin kada manajan reshe ya ga cinikin kowa sai na reshensa. Shingen nan kuwa mai kallo kaɗai yake tarewa. In aka ɗaga manajan zuwa mai ba da gudummawa, ko don girmamawa ce, alƙaluman dukan rassa sun buɗe masa ke nan.